Ɓarawon zuma mai ƙoƙon kai a gadon baya

Kashinta na fara gani kafin in ga ita kanta. Wata safiya na zaga bayan ɗaki don in ba 'yan shukokin tumatir ɗina ruwa, sai na tarar da wasu baƙaƙen dunƙule-dunƙule zube a gindin shuka ɗaya, kowanne ya kusa farcen ƙaramin yatsa girma, da tsaga-tsaga a jikinsa kamar da gangan aka zana. Na ɗaga kai, sai ga reshe guda an share shi tas, babu ganye sai kara. Na ce akuya dai ba ta shigo ba, fara kuma ba ta cinye reshe ɗaya ta bar sauran. Na tsuguna ina ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya, na fi minti goma ban ga komai ba. Ashe tana gaban idona, manne a ƙarƙashin kara, tsutsa ce da ta fi yatsana na tsakiya tsawo, kaurinta kuma ya kai na babban yatsa.

Har yanzu ina mamakin yadda abu mai wannan girma da wannan ado yake ɓacewa cikin ganye. Jikinta rawaya ne mai sirkin kore, sumul babu gashi ko ɗaya, ba kamar gizaka ba. A kowane gefe tana da ratsi bakwai a karkace, shuɗi mai ɗan duhu, suna haɗuwa a gadon baya kamar bakin kibiya. Da ka ja baya taku biyu, ratsin nan sai su koma maka jijiyoyin ganye, rawayan kuma ya koma hasken ranar da ya ratso ta tsakaninsu. A wutsiya tana da ƙaho guda mai kaushi, ya lanƙwaso ƙasa sannan bakinsa ya sake murɗewa sama. Ƙahon nan ne ya fara ba ni tsoro, don na ɗauka da shi take harbi. Daga baya na gane ba ya harbi, ba ya suka, babu dafi a cikinsa ko kaɗan.

Na sa ɗan tsinke na taɓa ta. Sai ta ɗaga gaban jikinta sama, ta dunƙule kai ciki, ta tsaya cak, ina jin wata 'yar ƙara ƙas-ƙas daga bakinta, muƙamuƙanta take gogawa. Wannan tsayuwa ita ta jawo wa dangin nasu duka sunan Sphingidae a wurin masana, wai ta yi kama da gunkin nan na Masar mai kan mutum da jikin zaki. Ni dai a lokacin ban san wannan ba, takalmi na ɗaga. Ƙaramar ɗiyata da ta biyo ni da butar ruwa ita ta riƙe mini riga.

"Baba, don Allah kar ka kashe ta. Bari mu ga abin da za ta zama."

Da muka sake dubawa muka samo wasu biyu, ɗaya ƙarama koriya shar a kan tumatir, ɗaya kuma a jikin wani zaƙami da ya fito da kansa a gindin katanga. Muka zuba su a tsohon bokiti, muka rufe da yankin gidan sauro.

Da dare na ɗauki hoton babbar na shiga intanet, ban sha wahala ba. Tsutsar wani faɗa-wuta ce, irin ƙwarin nan masu kama da malam-buɗe-littafi da ke yawo da dare, wanda masana ke kira Acherontia atropos. Carl Linnaeus, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, shi ya fara rubuta shi a 1758. Sunan kansa abin dubawa ne. Acheron, a tatsuniyoyin Girkawan da, kogi ne a ƙasar matattu. Atropos kuwa ɗaya ce daga cikin mata uku da suka ce su ke riƙe da zaren rayuwar mutum: ɗaya tana kaɗi, ɗaya tana awo, ita kuma Atropos ita ce mai almakashi. Yana da 'yan'uwa biyu a nahiyar Asiya, styx da lachesis, su ma an laƙaba musu sunan wani kogin na matattu da na mai awon zaren. Duk wannan kaya an ɗora shi ne a kan ƙwaron da ba ya cizo, ba ya harbi, saboda kawai wani zane da ke bayansa. A ƙauyukan Turai an daɗe ana ɗaukar shigowarsa ɗaki alamar mutuwa ko annoba. Rashin sani ya fi dare duhu, shi kuma bawan Allah cikin dare yake yawo, duhu biyu ke nan ya haɗu masa.

Sai muka shiga aikin ciyarwa, kuma aiki ne. Babbar takan cinye ganyen tumatir guda ina tsaye, tana bin gefensa daga sama zuwa ƙasa kamar mai yankan ciyawa da lauje, in ka kasa kunne har ƙarar kana ji. Abincinsu na asali dangin su tumatir ne: dankalin Turawa, gauta, taba, zaƙami. Suna kuma cin yasmin da zaitun da wasu tsirrai masu yawa in ta kama. Na zaƙamin ne ya ɗaure mini kai. Ganyen da ke juya wa mutum hankali, wannan tsutsa tana cinsa safe da yamma tana ƙiba. Na lura kuma wadda ta saba da zaƙami ba ta son a sauya mata, na ba ta tumatir ta yini tana zagaye shi, dole na riƙa tsinko mata nata daban.

Abin da ban gani da idona ba shi ne farkon labarin, don a tsakiya na tsince su. Uwar takan bi shukoki cikin dare tana ajiye ƙwai ɗaya-ɗaya, yawanci a ƙarƙashin ganye, ba ta tara su wuri guda. Ƙwan bai wuce milimita ɗaya da rabi ba, kore-kore ne mai ɗan toka. Bayan kamar mako guda 'yar tsutsa ta fito, siririya kamar zare, da dogon ƙaho baƙi a wutsiya. Fatarta ba ta girma tare da ita, don haka sai ta yi saɓa sau huɗu, mataki biyar ke nan, kafin ta kai santimita 12 ko 13. Wannan saɓar na gani a jikin ƙaramar. Ta daina ci, ta manne a kara kwana guda ba motsi, har ɗiyata ta fara cewa ta mutu. Washegari tsohuwar fatar ta tsage ta bayan kai, ta zame ta baya kamar mai tuɓe safa, kwanon fuskar ya faɗo ƙasa shi kaɗai. Sabon ratsin ya fito fes. Kala uku ake samunsu: koriya, rawaya, da mai ruwan ƙasa wadda ba ta ma yi kama da sauran biyun ba, har mutum ya rantse wani jinsi ne daban.

Ta zaƙamin ba ta kai labari ba. Kwana biyar da kamo ta sai ta yi laushi, ta daina ci, wasu baƙaƙen tabo suka fito mata a gefe. Da safe na tarar da ita a kwance a gindin bokiti, wasu fararen 'yan tsutsotsi suna fitowa daga jikinta. Akwai wasu ƙudaje, da kuma wasu dangin zanzaro, da ke ɗora ƙwansu a jikin irin waɗannan tsutsotsi, 'ya'yan su shige ciki su riƙa cin ta da ranta, suna barin muhimman sassa sai ƙarshe. Tun kafin mu kamo ta an riga an gama da ita, ci kawai take yi wa wasu. Ban bari yarinyar ta gani ba. Na ce mata ta mutu, kuma ban yi ƙarya ba.

Babbar kuwa wata rana da yamma sai ta juya wa ganye baya. Rawayan jikinta ya dusashe ya koma ruwan goro, ta riƙa lanƙwasa kai tana shafe jikinta da miyau tun daga wuya har wutsiya, sannan ta sauko ta fara zagaye gindin bokitin ba tsayawa, kamar mai neman ƙofa. A daji wannan ne lokacin da ake ganinsu suna ratsa hanya, suna neman ƙasa mai laushi. Na yi maza na ciko wani bokitin da ƙasa mai ɗan danshi, na ɗora ta a kai. Ko minti ashirin ba a yi ba ta kafa kai, ta nutse, ƙahon wutsiyar ne ƙarshen abin da muka gani. Sukan yi zurfin santimita 15 zuwa 40, su murza jikinsu a ƙasar har su yi ɗan ɗaki mai santsin bango, kamar girman ƙwan kaza.

Daga nan sai jira, ni kuma ba gwanin jira ba ne. Na daure mako biyu, sannan na sa cokali na riƙa kwashe ƙasar a hankali. Abin da na tarar ba tsutsa ba ne kuma. Wani kwanso ne mai ƙyalli, ja mai duhu kamar katakon da aka goge da mai, tsawonsa ya kai santimita 7. Da ka ƙura masa ido za ka ga an riga an zana komai a jikinsa: ga wurin idanu, ga fukafukai a naɗe a ƙirji, ga ƙafafu a jere. Na ɗora shi a tafin hannu sai wutsiyar ta murɗa, saura kaɗan in yar da shi. A cikin kwanson nan yawancin jikin tsutsar rushewa yake yi, a sake gini daga wasu 'yan dunƙulen ƙwayoyin halitta da take ɗauke da su tun tana ƙarama, waɗanda ke jiran wannan rana. Wannan zai zama fiffike, wancan ƙafa, wancan ido. Na karanta bayanin sau uku, na fahimci kalmomin, amma riƙe abin a hannu yana motsi wani abu ne daban.

A nan na yi kuskuren da har yau yake damuna. Na mayar da kwanson kan ƙasa a cikin bokitin roba mai santsi, na rufe, ban sa komai a ciki ba. Bayan kamar wata guda da nutsewarta, cikin dare na ji ana karce roba. Na haska fitila, sai ga shi ya fito, ƙaton ƙwaro mai gashi kamar karammiski, yana ta ƙoƙarin hawa bangon bokitin yana zamowa. Fukafukansa a cukurkuɗe suke kamar tsumma. Faɗa-wuta in ya fito daga kwanso dole ya sami abin da zai hau ya rataya, ya tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyin fukafukan su miƙe, sannan su bushe a miƙe. Lokacin da yake da shi kaɗan ne. In ya wuce, yadda suka bushe haka za su zauna har ya mutu. Ban san tun yaushe ya fito ba. Na sa masa kara ya hau, amma an riga an makara. Ɗan itace guda, wanda ko sisi ba zai ci ni ba, shi ne ya raba shi da tashi.

Da na kai hannu zan ɗauke shi, sai ya yi kuka. Kuka sosai, tsiii-tsiii, kamar ɗan ɓera da aka taka wa wutsiya. Na saki na ja baya, gabana na faɗuwa, duk da na riga na karanta cewa yana yi. Yawancin ƙwari masu ƙara gogawa suke yi, kamar gyare da ke goga fiffike da fiffike. Shi wannan da maƙogwaro yake yi. Yana zuƙo iska ta baki, wani ɗan marfi da ke cikin maƙogwaron ya riƙa kaɗawa da sauri ya ba da ƙara mai kauri, sannan ya huro iskar waje ta fito da siririn fito. Wasu masu bincike a Jamus sun bi diddigin abin a 2015, suka nuna zuƙa da hurawar nan suna maimaituwa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. In tsuntsu ya cafke shi ya ji wannan ƙara, ga kuma rawayan ciki ya bayyana farat ɗaya, zai iya sakinsa kamar yadda na yi.

A daren ne kuma na fara ganin ƙoƙon kan. Yana nan a gadon baya, tsakanin kafaɗun fukafukai, zane mai ruwan ƙasa-ƙasa da fari a kan baƙi, da ɗigo biyu baƙaƙe a wurin idanu. Gaskiya ya yi kama, ba zan musa ba. Amma ɗiyata da ta leƙo da safe cewa ta yi fuskar biri ce, kuma da ta faɗa sai na kasa daina ganin birin. Idon mutum gwanin ƙirƙiro fuska ne, ko a jikin bango yakan gani. Mun riƙe wannan na farkon kwana tara muna ba shi zuma da aka sirka da ruwa a murfin kwalba. Yana sha, yana yawo a ƙasa, yana kaɗa tsummokaran fukafukansa da dare.

Ta ƙarshen, wato ƙaramar, ita ta ci gajiyar kuskurena. Ban tone ta ba, na kafa rassa uku a cikin ƙasar, na kuma jingina tsumma a bango. Kwana 32 da nutsewarta ya fito, da magariba, muna zaune. Ya hau reshe ya rataya, muna kallo fukafukan suna buɗewa a hankali kamar ana hura su, cikin abin da bai kai awa ɗaya ba suka miƙe sumul. Sai da suka bushe ya kwantar da su a baya kamar rufin ɗaki.

A nan ne na ga kyansa. Fukafukan gaba baƙi-baƙi ne da ruwan ƙasa, da wasu layuka masu lanƙwasa da ɗan farin ɗigo a tsakiya, in ya kwanta a jikin itace ba ka raba shi da ɓawo. Na baya kuwa rawaya ne mai haske da ratsi baƙi biyu, ba ya nuna su sai an tsokane shi. Cikinsa kauri gare shi, rawaya da baƙi zobe-zobe kamar na rina, da layi shuɗi-toka ya bi ta tsakiya har wutsiya. Na ɗora rula a gefensa da ya buɗe, santimita 11 daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike, manyansu kuma sukan kai 13. Ƙafafunsa na da ƙaya masu kama fata, in ya riƙe yatsanka sai ka ji. Garin da ke maƙalewa a hannu in an taɓa fiffikensa ba ƙura ba ce, wasu 'yan ɓawo ne ƙanana jere bisa juna kamar na kifi, su ne ke ɗauke da launin duka.

Mutane da yawa malam-buɗe-littafi kaɗai suka sani, faɗa-wuta kuwa suna ganinsa kamar wani ɗan'uwansa mara galihu da ke zuwa fitila. Lissafin a juye yake. Nau'in faɗa-wuta da aka rubuta ya kai kimanin 160,000, na malam-buɗe-littafi bai kai 20,000 ba. Dangin wannan nawa kaɗai sun haura nau'i 1,400. In kana son rarrabe su dubi ƙahonnin kai: na malam-buɗe-littafi siriri ne da ɗan kulki a baki, na faɗa-wuta babu kulkin. Na wannan kauri ne da ɗan ƙugiya fara a ƙarshe.

Da safe na ɗauki bokitin na kai wa wani dattijo maƙwabcinmu mai kiwon zuma, don na karanta abin da na kasa gaskatawa. Na ɗaga gidan sauron na ce, "Malam, kun taɓa ganin wannan?"

Ya leƙa sau ɗaya ya ce, "Kai! Ɓarawo ka kawo mini har gida?"

Ya ce ya sha tarar da gawarsu a cikin amya, a bushe, ƙudan zuma sun shafe ta da ɗanko sun manne a gefe, don ta fi ƙarfin su fitar da ita. Abin da littattafai suka ce ke nan. Wannan faɗa-wuta zuma yake sha, kuma ba ya jiran a ba shi. Cikin dare yake sauka a bakin amya, ya kutsa ta tsakanin masu gadi, ya hau saƙa, ya huda murfin kakin da bakinsa, ya sha ya ƙoshi, ya fito. Ana cewa ba a shan zuma sai an sha harbi, to shi yawanci yakan sha ya fita lafiya. A 1991 wasu masu bincike suka gano dalili: fatarsa na ɗauke da sinadaran maiƙo guda huɗu irin waɗanda ke jikin ƙudan zuma. Cikin amya duhu ne, da ƙanshi suke gane juna, shi kuma ya shigo da ƙanshin 'yan gida. Ga kaurin fata da gashi, ga kuma juriyar dafi fiye da sauran ƙwari. Waɗanda Malam ke tararwa su ne waɗanda dubunsu ta cika. An daɗe ana cewa kukan nasa kwaikwayon muryar sarauniyar zuma ne don ma'aikata su tsaya cak. Labari ne mai daɗi, amma hujjar ƙanshin ita ce aka auna aka gani.

Bakin nasa ma na ɓarawo ne. Sauran danginsa an san su da dogon bututun baki da suke naɗewa kamar igiya, su tsaya a iska gaban fure su zura. Akwai na Madagaska da Charles Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ya yi hasashen samuwarsa a 1862, bayan ya ga wani fure mai zurfin kusan santimita 30, ya ce dole akwai ƙwaron da bakinsa ke kaiwa gindi. Sai a 1903 aka bayyana shi, da baki fiye da santimita 20. Na wannan kuwa bai kai santimita 2 ba, gajere, kakkaura, mai tsini. Ba zai kai gindin dogon fure ba, amma kakin zuma ba ya gagararsa.

Asalin mazauninsa Afirka ce, kusan ko'ina a nahiyar, da Gabas ta Tsakiya da ƙasashen bakin Bahar Rum. Yana son fili mai rana: gonaki, lambuna, daji mai ƙananan itatuwa. Inda babu sanyi mai tsanani, zuriya na bin zuriya cikin shekara ba hutu. Amma duk shekara, wajen watan Mayu da Yuni, wasu sukan tsallaka teku su yi arewa cikin Turai, har Birtaniya, wani lokaci har ƙasashen da ke can gaba da ita. Su yi ƙwai a gonakin dankali, shi ya sa manoman can a da sukan tono kwansonsa lokacin haƙar dankali, kafin maganin feshi da injinan girbi su rage su. Sanyin hunturun arewacin Turai kashe kwanson yake yi, don haka 'ya'yan da suka fito a ƙarshen bazara kudu suke nufa. Tafiyar kan kai kilomita 4,000, kuma ba ƙwaro ɗaya ke zuwa ya dawo ba, iyaye su je, 'ya'ya su komo ta hanyar da ba su taɓa bi ba.

Wannan batu ne ya fi tsaya mini a rai. A 2022 mujallar Science ta buga aikin wasu masana na cibiyar Max Planck da ke Konstanz a Jamus. Sun manna wa waɗannan ƙwari 'yar na'urar rediyo mai nauyin giram 0.2, shi kuwa ƙwaron yakan kai giram 3.5, suka sake su bayan faɗuwar rana, suka bi su da ƙaramin jirgin sama cikin dare. Guda 14 suka bi, wani har kimanin kilomita 80, zuwa cikin duwatsun Alps. Da ana zaton ƙwaro mai ƙaura iska ce kawai ke kwasarsa ta kai shi inda ta ga dama. Sai ga su suna tafiya a miƙe kamar an ja layi da rula. In iska na bayansu su hau sama su bar ta ta tura su, in ta zo ta gaba ko ta gefe su sauko ƙasa-ƙasa su ƙara gudu, ba sa barin ta karkatar da su. Ni da rana tsaka, da waya a hannu, nakan ɓata a unguwar da ban sani ba.

To in ya iya wannan, me ke kai shi faɗawa wuta? Na daɗe ina ɗauka son haske ne. A watan Janairun 2024 wasu masana suka fitar da sakamakon hotunan bidiyo masu saurin gaske da suka ɗauka a Landan da dajin Kosta Rika, suka nuna ƙwarin dare bayansu suke juya wa haske. Tun fil azal sama ce wuri mafi haske ko da dare, don haka juya mata baya shi ne yadda ƙwaro ke sanin ina ne sama ina ne ƙasa. Da ya zo kusa da fitila sai ya ɗauke ta sama, ya karkata bayansa gare ta, ya shiga zagaye ba fita, in ya bi ta kanta ma sai ya kife ya faɗo. Sunan da muka ba shi ya faɗi abin da ido ya gani, amma ba da son ransa yake faɗawa ba. Babban abokin gabarsa na sama kuwa jemage ne, kuma yana jin siririyar ƙarar da jemage ke farauta da ita. Kunnen wannan faɗa-wuta a gefen baki yake.

Malam ya ce in zan sake shi in yi nisa da amyoyinsa. Na ce to, ko da yake ni da shi mun san abin da ke cin kilomita 80 a dare ɗaya ba ya jin nisan bayan gida.

Bayan isha'i muka kashe duk fitilun waje, muka fito da bokitin. Na sa yatsa a gabansa ya hau, ya yi ɗan kukansa sau biyu ya yi shiru. Sai ya fara karkarwa. Fukafukan na rawa da sauri har ba ka ganin gefensu, ina jin zirrr ɗin yana bi ta yatsana har gwiwar hannu. Ɗumama naman ƙirjinsa yake yi, don irinsu ba sa iya tashi sai zafin ƙirjin ya doshi digiri 40. Ya yi minti biyu ko uku a haka. Ɗiyata ta matso tana raɗa, "Baba, tsoro yake ji?" Kafin in ba ta amsa yatsana ya yi sakayau. Ba mu ga ta inda ya bi ba, ƙarar kawai muka ji ta wuce saman katanga, sai ɗan gari baƙi da rawaya da ya bar mini a fata.

Washegari da sassafe na hango Malam tsaye gaban amyoyinsa da 'yan guntayen katako a hannu, yana rage faɗin ƙofofin ɗaya bayan ɗaya.